Sanin Ɗaliban Likitanci Game da Magungunan Antibayotik da Bijirewar Bakteriya: Waiwaye Daga Kudancin Kogin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin mahalarta wannan taro su yi mamakin ganin mu, da aikinmu bai wuce horar da malaman makaranta ba, mun tsoma baki cikin sha'anin da ake ganin na likitoci ne zalla. Hujjarmu kuwa guda biyu ce. Ta farko, babu ɗalibin likitancin da ya faɗo daga sama. Kowannensu sai da ya bi ta hannun malamin firamare da na sakandare, waɗanda mu ne muke yaye su, kuma a can ne ya fara jin kalmar "ƙwayar cuta". Ta biyu, matsalar da za mu tattauna, ko da yake a cikin jini da hanji take aukuwa, da baki ake ƙulla ta, da baki kuma ake kwance ta, a ɗan zaman minti biyar ɗin nan da ake yi tsakanin likita da majiyyaci. A Kaduna kuwa yawancin irin wannan zama da Hausa ake yin sa.

Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, ɗaliban likitanci sun san abubuwa da dama game da waɗannan magunguna, amma sani ne na amsa jarrabawa, wanda aka zuba musu da Turanci, aka kuma ɗora shi bisa zaton cewa majiyyaci zai zo musu da sabuwar cuta, da kuɗin gwaji a aljihu, da haƙurin jiran sakamako. Za mu ɗauki unguwannin kudancin Kogin Kaduna a matsayin ma'auni, domin a ga yadda wannan sani yake kasancewa idan ya ƙetare gada.

Da "antibayotik" muna nufin magungunan da suke kashe bakteriya ko su hana su hayayyafa, irin su penisilin da tetarasaikilin da amoksisilin. Da "bijirewa" kuwa muna nufin halin da bakteriya suke kai wa na daina jin maganin da a da yake kashe su.

2.0 Yadda Bakteriya Suke Bijire wa Magani

Cikin 1928 ne Alexander Fleming ya lura a ɗakin bincikensa na Landan cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin da yake renon bakteriya ta kashe waɗanda suke kewaye da ita. Daga nan aka sami penisilin, ko da yake sai a farkon shekarun 1940 ne Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu na Okasfod suka mai da shi maganin da za a iya ba mutum. Abin lura shi ne, tun cikin 1940, watau kafin maganin ya wadata a asibitoci, Chain da Edward Abraham suka gano wani sinadari da wasu bakteriya suke fitarwa wanda yake lalata penisilin. Fleming kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel cikin 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi penisilin a kanti, ya sha ɗan abin da bai isa ya kashe ƙwayoyin ba, ya koya musu jurewa. Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin wani kemis a garin nan da almuru ya san lokacin ya zo tuntuni.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. Wasu bakteriya, idan sun sami abinci da ɗumi, kowace ɗaya takan rabu biyu cikin minti 20. A wannan lissafi, ƙwaya guda za ta haura miliyan dubu cikin awa 10. A cikin taro mai yawa haka ba a rasa 'yan tsiraru da aka sami canji a halittarsu, har maganin ya kasa kama su. Wata tana narkar da maganin, wata ta sauya wurin da yake kamawa a jikinta, wata kuma tana fitar da shi waje da zarar ya shiga. Idan aka sha magani, sai ya share masu rauni ya bar wa waɗannan fili, su hayayyafa ba mai tare musu abinci. Maganin bai halicce su ba, shi dai ya yi musu sharar gona.

Akwai kuma wani al'amari da ya fi wannan tayar da hankali. A ƙarshen shekarun 1950 masana a Japan suka lura cewa bakteriyar atuni tana bijire wa magunguna har huɗu a lokaci guda, daga baya aka tabbatar cewa bakteriya suna iya miƙa wa juna wannan makami, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da ya sha kafso saboda mura, murar ba ta san ya yi ba, domin bairas ne yake kawo ta, shi kuwa bairas antibayotik ba ya taɓa shi. Amma dubban miliyoyin bakteriyar da suke zaune lafiya cikin hanjinsa sun ɗanɗani maganin, masu jurewa sun yi yawa, za su fita ta bayan gida su shiga kwata, su shiga rijiya, su hau hannun mai tuwo-tuwo, wata rana kuma su miƙa makaminsu ga ƙwayar taifot.

Tarihin shekarun da suka biyo baya tsere ne kurum. An fito da metisilin a wajejen 1960 domin maganin bakteriyar da ta gagari penisilin, cikin 1961 aka ga wadda ta gagare shi a Ingila. Cikin 1976 aka ga ƙwayar ciwon sanyi mai lalata penisilin, wani reshenta kuwa daga Afirka ta Yamma aka bi sawunsa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga cikin 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya masu bijirewa, kuma idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka ta Yamma asara, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane 100,000. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa na farko kan wannan matsala cikin 2017, na biyu kuma cikin 2024.

3.0 Abin da Ɗalibai Suka Sani

Ɗalibin likitanci a Nijeriya shekara shida yake yi. A tsakiyar karatun ne, galibi a shekara ta huɗu, ake koya masa ilmin ƙananan halittu masu kawo cuta da ilmin haɗa magunguna da aikinsu a jiki. Bayan ya gama ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya, sa'an nan a tura shi bautar ƙasa, inda sau da yawa zai tarar shi kaɗai ne likita a asibitin da aka kai shi. Daga ranar nan alƙalaminsa ne yake yanke hukunci.

An sha auna sanin waɗannan ɗalibai a ƙasashe daban-daban, kuma sakamakon yana da kama da juna. A wani bincike da aka buga cikin 2013, wanda aka yi a makarantun likitanci uku na Amurka, kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban da suke dab da gamawa sun ce suna bukatar ƙarin horo kan yadda ya kamata a yi amfani da waɗannan magunguna, kuma da aka yi musu tambayoyin aiki, rabinsu kawai suka ci a matsakaicin lissafi. A nan gida, wani bincike da aka yi kan ɗaliban manyan azuzuwa na makarantar likitanci ta Jihar Ebonyi, wanda ya fito cikin 2019, ya nuna kusan biyu cikin uku suna da kyakkyawan sani, amma waɗanda suke aiki da sanin a kan kansu ba su haura rabi da yawa ba. Tun kafin wannan, cikin 2010, wani nazari a kan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya gaba ɗaya ya sami fiye da rabinsu suna shan antibayotik ba tare da ganin likita ba.

To, a nan ne muke so mu ɗan tsaya. Irin waɗannan bincike da takardar tambayoyi ake yin su, a ce ɗalibi ya zaɓi "gaskiya ne" ko "ba gaskiya ba ne". Duk wanda ya koyar ya san iyakar wannan ma'auni. Ɗalibi yana iya rubuta cewa antibayotik ba ya maganin mura, ya ci makinsa, ya fita daga ajin ya tsaya a kemis ya sayi amoksisilin domin maƙogwaronsa yana masa kaikayi kuma gobe akwai jarrabawa. Bai yi ƙarya a takarda ba. Abin da yake akwai shi ne, sani biyu ne a kansa. Akwai wanda ya samu a aji yana da shekara ashirin da biyu, akwai kuma wanda ya sha a nono, tun yana ganin uwarsa tana fasa kafso ja da rawaya tana barbaɗa masa a gyambo, ko tana jiƙa masa idan cikinsa ya ɓaci. Na biyun ya girmi na farkon da shekara ashirin, kuma da harshen gida aka koya masa shi.

Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi kimanin mutum 10,000 a ƙasashe 12, har da Nijeriya. Kashi 64 cikin ɗari suka ce antibayotik yana maganin mura, kashi 76 kuma suka ce bijirewa tana nufin jikin mutum ne ya daina jin magani. Daga cikin wannan jama'a ɗalibinmu ya fito, wurinta kuma zai koma.

4.0 Idan An Ƙetare Gada

Kudancin kogin, watau su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, har zuwa Narayi da Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi, gari ne da masana'antu suka kafa. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri cikin 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sa'an nan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot cikin 1975, da matatar mai cikin 1980. Jama'a suka kwararo daga ko'ina, Gbagyi masu ƙasa, da Bajju da Atyap da Adara da sauran mutanen kudancin jihar, da Hausawa da Yarabawa da Ibo da Tibi, Hausa da Turancin buroka suka zama harsunan kasuwa da na layin asibiti. A zamanin da masaƙun suke aiki, manyansu kan tanadi wurin shan magani domin ma'aikata. Da KTL ta rufe cikin 2002, wasu suka bi bayanta, dubban gidaje suka koma biyan kuɗin magani daga aljihu, kamar yadda yake a ƙasar baki ɗaya, inda fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa.

Akwai asibitoci a yankin, kamar babban asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard a Kakuri. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna kuwa, wanda aka sa wa sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, yana tsallaken kogi ne ta arewa, na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika. Amma ga mai zazzaɓi a wannan yanki, asibiti ba shi ne zangon farko ba. Zangon farko shi ne ragowar maganin da yake kan taga. Na biyu shi ne kemis na bakin layi, wanda bisa doka lasisinsa bai ba shi ikon sayar da yawancin antibayotik ba, amma a aikace yakan yanka wa mutum daidai kuɗinsa, ƙwaya huɗu ko shida, a haɗa da farasitamol da maganin maleriya a ƙulle a leda. Sai abin ya ci tura sa'an nan a nufi likita.

Saboda haka majiyyacin da ɗalibi ya karanta a littafi, wanda bai sha kome ba tukuna, ba safai ake ganinsa a nan ba. Wanda ake gani ya riga ya sha magani iri biyu ko uku, bai san sunansu ba sai launinsu, ba a kuma tabbatar ko na gaske ne ko jabu ba. Littafi ya ce a ɗebi jini a rene shi a ɗakin gwaji, a ga wace bakteriya ce, a ga wane magani take ji. Wannan yakan ci kwana biyu zuwa uku ko fiye, yana da tsada, sa'an nan maganin da mutum ya riga ya sha yakan hana ƙwayar tsirowa a gwajin. Matashin likita ya duba majiyyaci, ya duba layin da yake jira a waje, ya tuna cewa idan bai rubuta kome ba mutumin nan ba zai komo ba, sai ya rubuta wanda ya fi faɗi, wanda yake fatan zai kama kowace irin ƙwaya. Mun saba ɗora laifin duka a kan masu kemis. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a zancen "maleriya da taifot", waɗanda a bakin jama'a sun zama kamar Hassan da Husaini. Gwajin da ake dogara da shi a ce mutum yana da taifot, watau gwajin Widal, tun 1896 aka ƙago shi. Ba ƙwayar yake gani ba, alamar faɗan da jiki ya taɓa yi da ita ko da 'yan'uwanta yake gani. A wurin da mutane suka tashi suna cuɗanya da waɗannan ƙwayoyi, lafiyayyen mutum ma yana iya nuna alamar, zazzaɓin cizon sauro kansa yakan sa ta hau. Kowane ɗalibin shekara ta huɗu ya san gwaji guda na Widal ba hujja ba ne, kuma renon jini ne yake tabbatar da taifot. Amma majiyyaci zai shigo riƙe da takardar sakamako da ya biya kuɗi ya yi, ya ɗora a tebur, ya ce an ga taifot. Likitan da zai ce masa takardar nan ba ta nuna kome ba yana bukatar abin da ya fi sani, yana bukatar ƙarfin hali da kuma kalmomin da zai faɗa.

Farashin wannan sakaci a fili yake. Kuloramfenikol, wanda aka fara maganin taifot da shi cikin 1948, ya ceci rayuka masu yawa kafin ƙwayar ta fara gagararsa, kamar yadda aka gani a annobar Meziko ta 1972. Wani nazari da aka buga cikin 2016 kan ƙwayoyin taifot da aka samu a jinin yara a Kano da Abuja ya nuna fiye da rabinsu ba sa jin tsofaffin magungunan nan uku, watau ampisilin da kuloramfenikol da wanda aka fi sani da Septrin. Aka koma kan siprofuloksasin da seftiriyazon. A ƙarshen 2016 kuwa wani nau'in taifot ya ɓulla a lardin Sind na Pakistan wanda ya gagari waɗannan biyun ma. Duk siprofuloksasin da aka sha a Kakuri saboda taifot ɗin da babu shi, tura mu yake yi zuwa inda mutanen Sind suka sami kansu. Ba kuwa sabon abu ba ne a gare mu. Mun ga yadda kulorokwin ya mutu a hannunmu har gwamnati ta sauya shi cikin 2005. Ƙwayar maleriya ba bakteriya ba ce, amma hanyar da aka bi ɗaya ce.

Kada a fahimce mu da cewa muna kiran a ƙulle magani a hana talaka. A ƙasashenmu rashin samun antibayotik a kan kari shi ma yana kashe yara masu ciwon haƙarƙari. A wani gwaji da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda aka buga cikin 2018, an riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar azitromaisin sau biyu a shekara ko ba su da ciwo, mace-macensu a Nijar ya ragu da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Amma da aka bi sawu, sai aka tarar bakteriyar da suke jikin yaran sun ƙara bijire wa wannan dangin magani. Ga rai an ceta yau, ga bashi an ci na gobe. Likitan da za a yaye a ƙasar nan dole ne ya iya riƙe waɗannan abubuwa biyu a kansa a lokaci guda, wannan kuwa ba a auna shi da "gaskiya ne" ko "ba gaskiya ba ne".

5.0 Matsalar Harshe

Bari mu kawo wani abu da ya faru a gabanmu. Ɗan wani maƙwabcinmu, yana shekara ta biyar a karatun likita, ya zo hutu. Muna zaune a ƙofar gida sai ga ƙanwar mahaifinsa da jikanta a kafaɗa.

Ta ce, "Likita, yaron nan kwana uku ke nan yana tari da majina. Na ba shi ragowar Ampiclox na ruwa na wancan karon, bai ji ba. Rubuta mini mai ƙarfi."

Ya taɓa jikin yaron, ya duba shi, ya ce, "Goggo, ai mura ce, za ta tafi da kanta."

Ta ce, "Shekara biyar kana karatu, abin da aka koya maka ke nan, za ta tafi da kanta?"

Aka yi dariya. Yaron nan ya sunkuyar da kai, ya yagi takarda ya rubuta mata sunan wani maganin. Da ta tafi muka tambaye shi dalili. Ya ce ya san bairas ne, ya kuma san ruwan maganin da aka haɗa ba ya wuce mako guda, ko biyu idan yana cikin firiji, balle wanda ya yi watanni a kan taga. Amma, in ji shi, yaya zai ce "bairas" da Hausa? Kuma yaya zai aika goggonsa gida hannu rabbana a gaban mutane?

Tambayarsa ta farko tamu ce, mu masu harshe da masu koyarwa. Kalmar "ƙwayar cuta" da muke alfahari da ita ta haɗa bakteriya da bairas da ƙwayar maleriya da fumfuna a buhu ɗaya. Idan duk ƙwayar cuta ce, to, a hankalce "maganin kashe ƙwayoyin cuta" ya kamata ya kashe su duka, kuma da wannan sunan ne ake fassara antibayotik a rediyo da takardun faɗakarwa. Watau fassarar da kanta tana koyar da kuskuren da ake son gyarawa. A kasuwa kuma ana ce masa "maganin infekshan", infekshan ɗin kuwa ya haɗa kowane ƙaiƙayi da kowane fitsari mai zafi. Ga kuma kalmar "sanyi", wadda take ɗaukar mura da ciwon gaɓɓai da cutar da ake ɗauka wajen saduwa.

Haka nan bijirewa. Abin da mutane suke faɗa shi ne, "jikina ya saba da maganin," ko "maganin ya daina yi mini." Wannan magana tana da illa biyu. Tana sa mutum ya ɗauka matsalar tasa ce shi kaɗai, alhali ƙwayar da ta gagara tana iya kama jaririn da bai taɓa shan magani ba tun da aka haife shi. Tana kuma sa ya ɗauka mafita ita ce ya ƙara yawa ko ya nemi "mai ƙarfi". A ganinmu, kalmar "gagara" ta fi "sabo" dacewa a bakin likita, domin tana ɗora aikin a kan ƙwayar: ƙwayar ce ta gagari magani, kamar yadda kowane manomi ya san ƙwarin da suka gagari feshi, kowace uwa ta san sauron da ya daina jin maganin sauro. "Bijirewa" ta yi daidai a rubutu da aji. Bakteriya da bairas kuwa, shawararmu ita ce a bar su da sunayensu na aro, a daina narkar da su cikin "ƙwayar cuta", a koya wa yara tun daga firamare cewa dangi biyu ne, kamar yadda maganin ɓera ba ya kashe gara.

Zancen "mai ƙarfi" ma yana son gyara, kuma har a tsakanin ɗalibai ana jin sa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku, tsarin da ake kira AWaRe. Akwai na kusa da hannu, irin su amoksisilin, waɗanda suke isa ga yawancin cututtukan yau da kullum. Akwai na sa-ido, irin su siprofuloksasin da seftiriyazon da azitromaisin, waɗanda suka fi saurin haifar da bijirewa. Akwai kuma na ajiya, waɗanda ba a taɓawa sai kome ya ƙare. Cikin 2024 ƙasashen duniya suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ya zuwa 2030 aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik da mutane suke sha su kasance daga rukunin farko. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kan wannan, domin ya san bambancin hatsin ci da na iri. Hatta tsohuwar ƙa'idar nan ta "sai ka shanye duka" masana sun sake duba ta, an gane cewa cututtuka da yawa kwanaki kaɗan suna isar su, kuma ƙarin kwanaki ba tare da bukata ba shi ma yana renon masu bijirewa. Nauyin ya koma kan mai rubutawa, ya rubuta daidai kwanakin da ake bukata, majiyyaci kuma ya cika su. Tarin fuka kam yana nan a kan watanninsa, wanda ya yanke ya jawo wa kansa da iyalinsa nau'in da ya fi wuyar magani.

Tambayarsa ta biyu kuwa ta malaman likitanci ce. Muna ganin ya kamata a cikin jarrabawar aiki ta ƙarshe a zaunar da ɗalibi gaban wanda zai yi kwaikwayon majiyyaci mai neman kafso, ko mai riƙe da takardar Widal, a ce ya sallame shi da Hausa ko da buroka, ba tare da ya rubuta antibayotik ba, ba kuma tare da mutumin ya fita da fushi ba. A ba shi maki a kan wannan kamar yadda ake ba shi a kan sunayen magunguna. Domin goggon nan ba kafso ne ainihin bukatarta ba, so take a ba ta abin yi, kuma ɗalibin yana da shi, bai dai san shi ne abin bayarwa ba. Da ya ce mata ta ci gaba da ba yaron ruwa da abinci, ta share masa hanci, ta ba shi farasitamol idan jikin ya yi zafi, sa'an nan ya ɗaga rigar yaron ya nuna mata yadda ake ƙirga numfashi da agogon waya. Yaron da yake tsakanin wata 2 da wata 11, idan ya kai numfashi 50 a minti guda, ko wanda yake tsakanin shekara 1 da 5 ya kai 40, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki idan ya ja numfashi, ko ya kasa shan kome, to, wannan ba mura ba ce kawai, a kai shi asibiti a ranar, kuma a nan ne amoksisilin yake da aiki. Jikan nata shekararsa biyu, ɗalibin kuwa ya gaya mana ya ƙirga a zuci tun tana magana, ya sami 30.